Regina, Garin Da Ke Riƙon 'Ya'yan Wasu

Sanyin da ya tarbe ni a Regina, ranar da na sauka a watan Fabrairun 2023, ya kusa digiri 30 ƙasa da sifili. Na san wannan lissafi ba zai shige ku sosai ba, ku da kuke ƙudundune kai da zarar hunturu ya ɗan busa da safe. To ku ɗauka haka: firizar da mai shagon unguwarku yake daskarar da ruwan leda a ciki ta fi titin Regina ɗumi a wannan rana. Ina fitowa daga filin jirgi na ja numfashi, sai na ji gashin cikin hancina ya sandare. Ɗan yayata da ya zo tarbata, wanda yake karatu a jami'ar garin, ya yi ta dariya. Ya ce, "Kawu, ai yau da sauƙi, tunda babu iska."

Regina, wanda mutanensa ke furtawa Rijaina, shi ne babban birnin lardin Saskatchewan a tsakiyar ƙasar Kanada. Mutanensa sun ɗan haura dubu 220. An raɗa masa wannan suna a 1882 don girmama Sarauniya Biktoriya ta Ingila, amma kafin nan 'yan asalin ƙasar, ƙabilar Cree, suna kiran wurin da sunan da ke nufin ƙasusuwa, saboda tulin ƙashin ɓauna da mafarauta ke tarawa a bakin rafi. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma. Babu tudu, babu dutse, sai gonakin alkama da suka kwanta ƙarƙashin dusar ƙanƙara har iya ganin ido. Har itatuwan cikin gari da hannu aka dasa su. A gaban motoci za ka ga igiyar lantarki tana reto, da dare a jona ta a bango don kada injin ya daskare. Rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, kafin ƙarfe shida kuma ta faɗi.

Washegari da yamma muka fita zaga unguwa, ina sanye da riguna huɗu, ina tafiya kamar buhun gero. A bayan wata makarantar firamare na ji wani sauti, ƙwas, ƙwas, kamar ana buga katako da guduma. Wani fili ne aka zagaye da allunan katako, aka malala masa ruwa, sanyi ya mayar da shi ƙanƙara mai santsi. Yara kusan goma sha biyar suna yawo a kai da gudu, kowa da sanda mai lanƙwasa a hannu. Wata yarinya da ba ta wuce shekara huɗu ba tana tura kujerar roba a gabanta don kada ta faɗi, uwarta tana tsaye a gefe riƙe da kofin shayi. Irin waɗannan filaye suna warwatse a unguwannin garin, kuma shiga kyauta ne. Yadda yaranmu ke ajiye duwatsu biyu a lungu su ce ga raga, haka su ma. Na lura kuma yara uku daga cikinsu riga iri ɗaya suka sa, da lamba 98 ƙatuwa a baya.

Na tambayi ɗan yayata ko wane ne mai wannan lamba. Ya dube ni kamar na tambaye shi wane ne Sarkin Kano. Ya ce Connor Bedard ke nan, kuma yana ƙoƙarin samo mana tikiti tun kafin in zo, don yanzu ganinsa ya zama aiki.

Bari in fara da wasan kansa. Sunansa hoki, wato ƙwallon gora, sai dai wannan a kan ƙanƙara ake yinsa. Takalman 'yan wasa suna da siririn ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, a kansa suke zamewa. Abin da ake bugawa wani baƙin faifan roba ne mai tauri, faɗinsa kamar murfin gwangwanin madara, nauyinsa kusan giram 170, kuma kafin wasa a firiza ake ajiye shi don kada ya riƙa tsalle. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron raga. Ana yin zango uku, kowane minti ashirin. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa bai cika yin minti ɗaya a fili ba sai ya fita wani ya shigo, wasa kuwa bai tsaya ba. An yarda ka bangaji abokin karawa da kafaɗa ka haɗa shi da bango. Wanda ya yi laifi kuma a kai shi wani ɗan akurki ya zauna minti biyu, 'yan ƙungiyarsa su yi ta fama da giɓin mutum ɗaya. Wanda ya zura faifai a raga yana da maki ɗaya, wanda ya miƙa masa shi ma yana da ɗaya.

Da na ga filayen unguwa sai na ɗauka a irinsu Bedard ya tashi. Ashe ba ɗan garin ba ne. An haife shi ranar 17 ga Yulin 2005 a North Vancouver, can bakin teku a yammacin Kanada, inda ruwan sama ya fi dusar ƙanƙara yawa. Daga can zuwa Regina a mota ya kai kilomita 1,700, wato ya zarce Kano zuwa Legas nesa ba kusa ba. Mahaifinsa aikin saran itace yake yi a daji. Abin da aka fi bayarwa game da ƙuruciyarsa shi ne naci. Yakan tsaya a bayan gida yana buga faifai a raga, yau da gobe, har hannu ya saba. Yana ɗan shekara goma sha biyu zuwa sha uku ya karye a wuyan hannun dama, sai ya ci gaba da atisaye da hannun hagu kaɗai har karayar ta warke. An ce da iyalinsa suka tafi hutu Hawai, tsibirin da babu ƙanƙara, sai da ya tafi da sandarsa.

To me ya kawo shi Regina? A Kanada, tsakanin wasan yara da babbar gasar ƙwararru ta NHL akwai wani mataki na matasa 'yan shekara 16 zuwa 20. A yammacin ƙasar sunan gasar WHL, kuma a lokacin ƙungiyoyi 22 ne a cikinta, har da wasu a Amurka. Yaro ba ya zaɓar inda zai je. Ƙungiyoyi ne suke zama su yi zaɓe bi da bi, wadda ta kira sunanka ita ke da kai. A ƙa'ida sai ka cika 16 kafin ka buga kakar wasa cikakkiya. Amma akwai wani izini na musamman da hukumar hoki ta ƙasar ke bai wa yaron da aka ga ya yi wa tsararsa fintinkau, bayan an duba wasansa da karatunsa da hankalinsa. A watan Maris na 2020 Bedard ya samu wannan izini yana ɗan shekara 14, shi ne na farko da ya taɓa samu a WHL, na bakwai a duk ƙasar. Wata guda bayan haka ƙungiyar Regina Pats, wadda take da zaɓin farko, ta kira sunansa.

Pats tsohuwar ƙungiya ce, tun 1917 aka kafa ta a garin. Ta ga yara iri-iri sun zo sun wuce. Tsarin da ake bi ya yi kama da riƙo irin namu. Yaro zai bar gidansu, a damƙa shi ga wani iyali a garin, su ba shi ɗaki, su dafa masa abinci, su tashe shi makaranta, su jira shi in ya dawo daga tafiya da tsakar dare. A filin wasa na zauna kusa da wata dattijuwa da ta ce ta yi shekaru tana karɓar irin waɗannan yara. Ta ce abin da mutane ba su sani ba, ƙaton saurayin da suke gani yana bangazar mutane a fili, shi ne yake zama shiru a kan tebur a makon farko ya kasa cin abinci don kewar gida. Shi Bedard ya yi sa'a, mahaifiyarsa ce ta taso ta zauna da shi a Regina. Yawancin abokan wasansa ba su samu haka ba.

Shigarsa ta zo daidai da annobar korona. Aka ɗage gasa, ya tafi ƙasar Suwidin ya ɗan yi atisaye da wasa a ƙungiyar HV71 ta garin Jönköping. Da aka buɗe a watan Maris na 2021, sai aka killace ƙungiyoyin yankin a Regina, suna wasa babu ɗan kallo ko ɗaya. Yaro ɗan shekara 15, a tsakiyar samari 'yan 19 da 20 masu gemu, ya buga wasa 15 ya ci 12, ya tara maki 28. Cikin wannan lokaci ne, a watan Afrilu, kakansa ya rasu a haɗarin mota. Kwanaki kaɗan bayan rasuwar ya shiga fili suka kara da ƙungiyar Brandon, aka tashi 2 da 1, kuma shi ya ci duka biyun. Daga nan ya tafi gida. Har yau mutanen Regina in suna zancensa, wannan dare suke fara ambata kafin su zo kan alƙaluma.

Alƙaluman kuwa ba na wasa ba ne. A kaka ta biyu ya ci 51, maki 100. A ta uku, wadda na tarar, ya ƙare da ci 71 da maki 143 a wasa 57. Wata guda kafin zuwana ya dawo daga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, wadda aka yi a Halifax da Moncton, inda ya tara maki 23 a wasa bakwai, Kanada ta ɗauki kofi, aka zaɓe shi gwarzon gasa. Tun daga nan duk garin da Pats ta je sai tikiti ya ƙare. A Calgary mutum sama da dubu 17 suka je kallon wasan matasa, abin da ba a saba gani ba.

Filin Pats sunansa Brandt Centre, yana ɗaukar mutum dubu shida da 'yan kai. Mun samu kujera can sama. Ciki akwai sanyi amma ba irin na waje ba, ga ƙamshin gugguru da soyayyen dankali. Na yi zaton zan ga ƙato. Da aka nuna mini shi sai na ga yaro madaidaici, tsawonsa bai kai na yawancin waɗanda ke kewaye da shi ba. Minti goma na farko ban ma gane inda faifan yake ba, sai dai in ga kawunan mutane sun juya in bi su. Sannu a hankali ido ya saba. Sai na fara lura cewa duk lokacin da mai lamba 98 ya tsallako fili, hayaniyar 'yan kallo takan canza, mutane su ɗan ɗago daga kujera tun bai taɓa komai ba.

Abin da ya shahara da shi bugu ne. Yakan tunkaro mai tsaron baya da faifai a can gefe, kamar daga nan zai buga. Sai ya jawo faifan zuwa ƙafafunsa da bakin sanda, cikin ƙiftawar ido, ya danne sandar har ta lanƙwashe kamar baka, ya saki. Mai tsaron raga ya shirya wa bugu daga wuri ɗaya, ga shi ya fito daga wani wuri, ta tsakanin ƙafafun ɗan uwansa. Na ga ya yi haka sau da dama a daren. Na ga kuma yadda ake bin sa. Duk inda ya juya akwai mai maƙale da shi, ana tunkuɗa, ana dukan sanda, ana faɗa masa maganganun da ba ma ji daga sama. Sau ɗaya aka haɗa shi da bango har gilashi ya girgiza. Ya tashi ya bi faifai bai waiwaya ba. A lokacin shekararsa 17, wato sa'an wasunku da ke shirin jarrabawar fita sakandare.

Ni dai a rabin wasan hankalina ya koma kan sauran yaran. Mutum ashirin ne suka sa rigar Pats a daren, kowannensu shi ne gwanin garinsu kafin ya zo nan. Kowannensu iyayensa sun yi shekaru suna tashi da asuba su kai shi atisaye, sun kashe kuɗi mai yawa, don hoki wasan masu hali ne: sanda mai kyau guda ɗaya tana cin dala ɗari uku, kuma tana iya karyewa a bugu ɗaya. Kakar wasa 68 ce, rabi a waje, duk kuma a bas ake zuwa. Moose Jaw kusa ce, kilomita 70. Amma zuwa Prince George tafiya ce ta sama da awa goma sha biyar, a kan hanya mai santsi, cikin duhu. Wanda bai gama sakandare ba dole ya shiga aji a makarantar garin, ko da ƙarfe uku na dare bas ta sauke shi. Mutanen Saskatchewan sun san abin da wannan hanya take iya ci. A 1986 bas ɗin ƙungiyar Swift Current ta kife, 'yan wasa huɗu suka mutu. Ranar 6 ga Afrilun 2018 wata babbar mota ta afka wa bas ɗin ƙungiyar matasa ta Humboldt, mutum 16 suka rasu. Bayan wannan haɗari mutane a faɗin Kanada suka riƙa jingine sandar hoki a ƙofar gida don tunawa da su. Dattijuwar da ke kusa da ni ta ce har yanzu ba ta iya barci sai ta ji ƙarar ƙofa.

Bayan duk wannan, kaɗan ne suke wucewa. Ƙungiyoyin NHL 32 ne, kuma a zaɓensu na kowace shekara mutum 224 ake ɗauka daga duk duniya, da Suwidin da Rasha da Finlan da Amurka, cikinsu ma da yawa ba sa taɓa buga wasa ko ɗaya a babbar gasar. Ko izinin nan na musamman ba tabbas ba ne. Connor McDavid ya same shi a 2012, ya zama gwanin duniya. Sean Day ya same shi a 2013, amma da aka zo zaɓen NHL sai a zagaye na uku aka ɗauke shi, kuma kusan duk rayuwarsa ta wasa a ƙananan gasa ya yi ta. Yaro ya cika 20 a WHL, ƙofa ta rufe, sai ya nemi abin yi.

A nan ne na ga abin da ya burge ni fiye da bugun Bedard. Duk kakar da yaro ya buga a WHL, ana ajiye masa kuɗin makaranta da na littattafai na shekara ɗaya a jami'a ko kwalejin sana'a. Wanda ya yi kaka huɗu bai samu shiga gasar ƙwararru ba, yana da digiri a biye. Ɗan yayata ya ce akwai irinsu a jami'arsu, suna karatun kasuwanci ko malanta, haƙoran gaba na wasunsu na roba ne. Ba na cewa tsarin ba shi da aibu. Ɗan abin da ake ba yaran a hannu bai taka kara ya karya ba, ga fili cike da masu biyan kuɗi, kuma an sha kai ƙara kotu a kan wannan. Sai dai na tuna samarinmu da wani dillali yake karɓar kuɗin gonar ubansu ya ce zai kai su gwajin ƙwallo a Turai, su bar aji biyar su tafi, in abin bai yiwu ba su dawo babu ƙwallo babu takarda. Nan aƙalla an rubuta a yarjejeniya me zai faru da wanda bai kai ba, kuma su ne suka fi yawa.

Wani abu da zai ba ku mamaki: ɗaya daga cikin manyan da suka fito daga wannan gasa jinin Najeriya ne. Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, ya yi wasan matasa a Kamloops, ya je NHL ya ci 625. A 2024 aka ɗauki ɗansa Tij a matsayi na shida.

Kakar Bedard ta ƙarshe a Regina ba ta ƙare da kofi ba. A zagayen farko na wasannin fitar da gwani suka haɗu da Saskatoon, ya tara maki 20 a wasa bakwai, aka fitar da su duk da haka. Shekara uku yana garin, ƙungiyar ba ta taɓa wuce wannan mataki ba. Ranar 28 ga Yunin 2023, a birnin Nashville, ƙungiyar Blackhawks ta Shikago ta kira sunansa na farko. Wannan karon ma ba shi ya zaɓa ba, don a tsarinsu ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ke shiga ƙuri'ar zaɓin farko. Wasansa na farko a NHL ya tsaya gaba da gaba da Sidney Crosby, wanda yake kallo a talabijin tun yana ƙarami. A watan Janairun 2024 aka karya masa muƙamuƙi a wani karo, ya yi makonni yana jinya, ya dawo ya ƙare kakar da maki 61, aka ba shi kyautar sabon ɗan wasa mafi hazaƙa.

Ana gobe zan bar Regina na matsa sai na gwada takalmin nan. Ɗan yayata ya aro mini, muka koma filin bayan makaranta. Na taka ƙanƙara, ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma, na zauna daɓas. Ya ce, "Kawu, a bar shi haka, kada in rasa abin da zan faɗa wa Umma." Ban ji ba, na sake tashi na sake faɗuwa. Yarinyar nan mai kujerar roba ta zamo a hankali ta tsaya a kaina, ta dube ni, ta tura mini kujerar. Da ita na zaga filin sau ɗaya, yara masu lamba 98 suna wuce ni ta hagu da dama.

Kwanakin baya mun yi waya da shi, na tambaye shi labarin Pats. Ya ce yanzu ko ana saura awa ɗaya a fara wasa ka je za ka samu tikiti, har ka zaɓi kujera. Ya ce an kawo sababbin yara 'yan shekara 16, ɗaya ma a layinsu aka ba shi gidan riƙo, yana ganinsa da safe yana kankare dusar ƙanƙara daga gilashin mota, jakar makaranta a baya.